Allon Mita a Tagar Gwaggo

Ni na toshe tagar Gwaggo, da hannuna, da ƙusa guda takwas. Gara in faɗi wannan tun da wuri, kada in zo ina caccakar mutanen gidan ku ɗauka ni waliyyi ne.

Sana'ata haɗa wutar lantarki a gidaje. Shagona ɗan ƙarami ne, yana kallon ƙofar gidan da zan ba ku labarinsa, in na miƙe ƙafa a kan benci ina ganin duk mai shiga da mai fita. Maigidan mutum ne mai fara'a da son tsafta, ba ya fita sai ya yi wanka da turare. In yana neman abu a wurina Injiniya nake, in ya samu kuwa sai in koma Mai waya. Ni ma a zuciyata na raɗa masa suna Sai-gobe, kuma za ku ji dalili.

Gwaggo ƙanwar mahaifinsa ce, tana zaune a ɗan ɗakin da ke bakin ƙofa, daga shigowa ta hannun dama. Tsohuwa ce 'yar firit mai barkwanci. Idonta ya fara rauni, amma hannunta bai san da zancen tsufa ba. Saƙa take yi da kwarashi da zaren ulu, kuma duk jaririn da aka haifa a unguwarmu hularsa ta farko daga hannunta ta fito. A gindin tagarta take zama, haske yana zubo mata a cinya, tana ƙirga ido tana gaisawa da masu wucewa ba tare da ta ɗago kai ba.

Da aka kafa turakun wuta a unguwar, ita ta yi zaryar ofishin kamfani. Maigida ya ce aiki ya sha masa kai, matarsa ta ce tsayuwa tana sa ta jiri. Wata uku Gwaggo tana tafiya da takardu a cikin leda. Yau a ce ta kawo hoto, ta kawo hoto a ce mai sa hannu ya fita, ya dawo a ce hoton ya yi duhu. Ita ko a jikinta, sai ta samu benci ta zauna ta fito da zarenta. Ta saƙa wa jikar mai gadi hula, ta saƙa wa ɗan mai buga tambari safa. Ni har yau ina ganin safar nan ce ta fito da mitar, ba takardun ba.

Ranar da za a haɗa, na zo da tsanina da katakon allon mita, na nuna bangon gaba kusa da ƙofa.

"Nan za mu kafa," na ce.

Maigida ya dafe ƙirji. "Haba Injiniya. Tayil ɗin nan ko wata bai yi ba. Ka huda min shi, kowa ya zo wucewa ya ga wayoyi kamar hanjin akuya?"

Ya juya yana dube-dube, sai idonsa ya faɗa kan tagar Gwaggo, wadda ke kallon ɗan lungun shiga gida, daidai saitin turken wuta. Fuskarsa ta washe.

"Ga wuri nan an riga an huda mana. Ka ɗora katakon a kai kawai."

"Tagar Gwaggo ce fa, Maigida. Ita kaɗai ce a ɗakin."

"Wanda zai samu lantarki me zai yi da taga? Ƙwan lantarki za ka sa mata, babba, wanda za ta ga ramin allura da shi."

Gwaggo ta leƙo da kai ta tagar, kwarashi a hannu. "Toshe, ɗan nan," ta ce min tana dariya. "Rana tana tashi aiki da magariba, shi kuwa ƙwan nan na ji an ce ba shi da lokacin tashi."

Na toshe. Ina buga ƙusar ƙarshe ina jin ta a ciki tana cewa to, dare ya yi, kowa ya tafi gidansu. Muka yi dariya gaba ɗaya.

Mu a sana'armu daga nesa ake fara jan waya a yo kusa. Na fara daga ɗakin ƙarshe na bayan gida, na bi ɗaki ɗaki. Falo ya samu ƙwai huɗu, kicin biyu, banɗaki, sito, saman ƙofa har biyu don tayil ya fito da kyau. Kejin kaji ma ya samu nasa, don matar gidan ta ji an ce kaza tana ƙara ƙwai in tana ganin haske. Da na iso ɗakin da ya fi kowane kusa da mita, wato na Gwaggo, sai waya ta ƙare a hannuna.

"Yadi huɗu ya rage, da ƙwai ɗaya, da makunni ɗaya," na ce wa Maigida.

Yana tsaye a falo yana kunna fanka yana kashewa. "Wannan ai ba komai ba ne. Sai gobe."

Gobe ta zo ta wuce abinta, babu wanda ya tare ta.

Sai in ɗan yi muku bayanin wutar unguwarmu, don a nan ne aikin Gwaggo ya samo asali. Waya uku ce ke saukowa daga turke zuwa allo, muna ce musu layi uku. Ba sa taɓa zama lafiya a lokaci ɗaya. In wannan yana da ƙarfi, wancan ya yi ƙasa har ƙwai ya koma kamar garwashi, na ukun kuwa ya tafi yawonsa. Kowane layi yana da gurbinsa a jikin allon, akwai kuma fis guda ɗaya na tangaran, mai girman sabulun wanki. In layin da kake kai ya mutu, sai ka zare fis ɗin ka cusa a gurbin da ke da rai. Akwai akwatin canji mai hannu da ake sawa don wannan, ka ja hannun kawai ba tare da ka kusanci waya ba. Na gaya wa Maigida tun ranar farko. Ya ce a bari a ga yadda wutar za ta zauna tukuna.

Farko shi yake canzawa da kansa, yana sa safar hannu kamar likita. Kwana huɗu ya yi ya gaji. Matarsa tana da ciki, ba ta hawa kujera. Yara ƙanana ne, an hana su ko kallon allon. Sai aka lura cewa tsakanin ƙofar Gwaggo da allon taku uku ne kacal.

Matar gidan ce ta kira ni. "Mai waya, ɗan nuna wa Gwaggo yadda ake yi mana. Tunda tana kusa."

Na nuna mata. Na ce ta riƙa sa silifas na roba, ta hau kujerar katako, kada ta taɓa da jiƙaƙƙen hannu, ta riƙe ta gefe, ta kawar da fuska. Ta saurare ni tsaf, sannan ta gyara ɗaurin zani ta hau.

"Kai ka gama koyar da ni, sai ka ba ni tsani mu riƙa fita aiki tare," in ji ta.

Daga ranar, unguwa ta samu sabuwar waƙa. Ina zaune a shago sai in ji murya daga can cikin gida: "Gwaggo, canza layi." Bayan ɗan lokaci in ji ƙarar jan kujera, in ji ƙas, sai fankar falo ta ɗauka. Matar gidan ta sayi firiza babba tana daskarar da ruwa, don haka kiran ya ƙaru. Da safe sau uku, da rana ba adadi. Yara ma suka koya. Ana tsakiyar wasan kwaikwayo talabijin ta mutu, sai ka ji baki uku sun haɗa: "Gwaggo, layi." Ƙaramar cikinsu har ta ɗauka sunan tsohuwar ke nan, in baƙo ya tambaye ta wace ce wannan sai ta ce Gwaggo Layi ce.

Wata rana da hantsi na shiga gyara soket, na leƙa ɗakinta don mu gaisa. Sai da na tsaya a bakin ƙofa idona ya saba kafin na hango gado. Ɗakin da a da rana ke kwana a cikinsa ya koma kamar cikin tulu, ga zafi, ga warin rufi. Tana zaune a dokin ƙofa, inda wani siririn haske ke ratsowa tsakanin bango da motar Maigida, wadda a lungun nan ake ajiye ta.

"Gwaggo, me ya hana ki koma tsakar gida? Can akwai haske."

"Na je, an koro ni da mutunci. An ce gashin ulu yana faɗawa a ruwan ƙanƙara." Ta ɗago abin da take saƙawa, rigar sanyi ce 'yar mitsitsiya, ruwan ƙwai. "Ta ɗan da za a haifa mana ce. Ina so ya zo ya tarar da ita. Amma da na ƙirga ido ashirin sai a kira layi, in dawo in manta inda na tsaya, in warware. Sau shida ina warware wuyan nan."

"Zan kawo miki guntun waya daga wani aiki, in sa miki ƙwan da kaina."

"Allah ya yi maka albarka, ɗan nan."

Na tafi da albarkar, ban dawo da wayar ba. Guntun da na samu na yi wa mai shayi gyara da shi, na biyun na manta shi a gidan wani. Da na samu na ukun, na tari Maigida a ƙofa na ce zan shiga in sa, ba sai ya sayi komai ba. Ya riƙe hannuna cikin fara'a.

"A'a, Injiniya, kada ka kunyata ni. Gwaggona ce, a ce wani ne ya sa mata wuta da guntun waya? Kuma rufin ɗakin yana yoyo. Ka sa waya a wurin da ke yoyo, ai hatsari ne. Bari in gyara rufin, a yi fenti, sannan a yi mata aiki mai kyau gaba ɗaya."

"Yaushe ke nan?"

"Wannan satin ya riga ya tafi. Mu ga mai zuwa."

A sana'armu ba ka ƙara ko ƙusa a gidan mutum in bai ce ba. Wannan doka ce mai kyau, kuma ranar ta yi min daɗi ƙwarai, don ta ba ni inda zan ɓuya.

Matar gidan nata dalilan daban ne, kuma kullum da sabo. Ta ce min tsofaffi ba sa son haske mai ƙarfi, yana kashe musu ido. Wani lokacin ta ce ƙwai yana jawo ƙwari, Gwaggo kuwa ba ta son ƙwari. Da na yi maganar hawa kujera, sai ta yi dariya ta ce ai likita ma cewa yake tsoho ya riƙa motsa jiki.

"Kuma ita ke so fa. In wani ya taɓa allon har fushi take yi. Ko ba haka ba, Gwaggo?"

"Haka ne, 'yar nan," in ji Gwaggo daga dokin ƙofa. "Ofishina ne."

Ofishin ya hana ta fita. Da, ba a yin haihuwa ko jinya a unguwar ba ta je ba. Yanzu in ta ɗauko mayafi sai a ce, to in layi ya mutu fa? Ranar da asibiti suka ba ta don duba ido ta zo, firiza cike da ruwa, aka ce ta bari sai wani satin. Barcin rana ma ya gagare ta, tana kishingiɗa za a kira. Ta rame, wuyanta ya fito, amma bakin nan nata bai rame ba. In na gaishe ta na ce ya aiki, sai ta ce kamfani bai biya albashi ba har yanzu, amma an yi mata alkawarin ƙarin girma.

Fis ɗin kuwa ba a yi shi don a riƙa zare shi sau goma sha biyar a yini ba. Wata rana ta kira ni ta nuna min. Tangaran ɗin ya tsage daga sama har ƙasa, bakin ƙarfen ya yi baƙi.

"Yana ɗan cizo yanzu," ta ce, ta nuna min yatsa. "Kamar kunama ƙarama mai ladabi."

Na karɓi fis ɗin daga hannunta. Na jira Maigida ya dawo, na kai masa fis ɗin har mota. Na ce masa wannan karon ba wasa, a sa akwatin canji, ko aƙalla a sayi sabon fis yau. Ya juya shi a hannu, ya gyaɗa kai irin na wanda ya fahimci komai.

"Gaskiyarka. Amma na ji an ce za a kawo mana sabon taransifoma, wuta za ta daidaita, canjin ma a daina shi. Ka ga in mun sa akwati yanzu mun yi asara. Ɗan naɗe shi da tef kafin nan."

Na naɗe. Sau biyar na zagaya shi da baƙin tef, na ja da kyau, har ina yaba wa kaina iya aiki. Wannan ita ce ƙusa ta tara da na buga wa tsohuwar nan.

Damina ta shigo. Ruwa yakan koro ta daga dokin ƙofa zuwa cikin duhu, sai ta riƙa saƙa da lalube, tana ƙirga ido da ɗan yatsa. Duk da haka rigar ta yi gaba. Ta gama jiki, ta gama wuya, ta gama hannu ɗaya. Ta hango ni daga ƙofa ta nuna min, tana ɗaga ta sama kamar tuta.

"Saura hannu ɗaya. In yaron ya yi haƙuri sati guda, mun gama."

Ranar da abin ya faru, bayan la'asar ne, ana ruwa mai iska wanda ke shiga lungun kai tsaye. Ina shago ina kwance wata fanka. Na ji kiran sau ɗaya, ba a amsa ba. Na ji na biyu da ƙarfi: "Gwaggo, ƙanƙara za ta narke fa." Na ɗago kai. Na gan ta ta fito da buhu a ka, ta ja kujerar da ruwa ya jiƙa sharkaf, ta hau. Na buɗe baki zan ce ta dakata. Wallahi na buɗe baki. Sai na ga wani shuɗin haske ya tashi, na ji fat, kujera ta yi gefe, Gwaggo ta yi gefe.

Ban san yadda na tsallaka titi ba. Tana kwance a cikin ruwa, idonta a buɗe, hannun dama a dunƙule a ƙirji, warin ƙuna yana tashi. Na ɗaga ta, ba ta fi nauyin akwatin kayan aikina ba. Daga cikin gida murya ta sake fitowa, da ɗan fushi wannan karon: "Wai har yanzu ba a canza ba?"

Gwaggo ta motsa baki. Na sunkuya.

"Gaya mata ma'aikaciyar ta tafi hutu," ta ce.

Kwana tara ta yi a asibiti. Likita ya ce ta yi sa'a da ranta, amma jijiyoyin babban yatsa da manuni sun ƙone, ba za su ƙara lanƙwasa ba. Da su ake riƙe kwarashi.

Maigida ya yi kuka a asibitin, kukan gaske, ba zan yi masa ƙarya ba. Ya riƙa gaya wa masu zuwa dubiya cewa ya sha hana ta taɓa allon nan in ana ruwa, amma kun san tsofaffi da kafiya. Matarsa ta ce ita kira kawai ta yi, ba ta ce a fita cikin ruwa ba. Maƙwabta suka ce tsautsayi ne. Ni ma na gyaɗa kai tare da su, don tef ɗina yana nan manne da guntayen tangaran a cikin lungu.

Washegarin faɗuwarta, tun ban gama buɗe shago ba, sai ga Maigida da kwali a hannu.

"Injiniya, taimaka min. Jiya a duhu muka kwana, ƙanƙara duk ta narke, ga mai ciki ba ta iya barci ba fanka. Ga akwatin canjin nan, na sayo mai kyau. A sa shi yau."

Na karɓi kwalin na duba. Mai kyau ne kuwa, irin wanda na faɗa masa wata biyar da suka wuce.

"Taransifoman fa?" na ce.

"Wa zai jira su?"

Minti arba'in na yi na kafa shi. Ƙaramar yarinyar nan ta zo ta ja hannun da yatsa biyu, wuta ta kawo, aka yi tafi. Da na gama, ban tambayi kowa ba, na tsallaka shago na yanko yadi huɗu daga sabon nadi, na ɗauko ƙwai da makunni na shiga ɗakin Gwaggo. Dokar sana'a tana nan, amma ranar ban gan ta ba. Na duba rufin da aka ce yana yoyo, ban ga ko ɗigo ba. Maigida ya leƙo ya gan ni a kan tsani.

"Yawwa," ya ce. "Dama yau nake cewa zan yi maka maganar."

Kafin a sallamo ta, matar gidan ta haihu, namiji. Aka sa masa rigar sanyi ta kanti, mai hoton jirgin sama a gaba.

Ranar da aka dawo da ita na bar aiki na zo. Aka shigar da ita ɗakin, hannun a naɗe da bandeji kamar ƙullin kaya. Na ce ta rufe ido, na danna makunni, na ce ta buɗe. Haske ya cika ɗakin tar. Ta dubi bango, ta dubi yanar gizo-gizo a kusurwa, ta dubi bayan katakon da ke toshe da tagarta, da tsinin ƙusoshina takwas da suka leƙo ciki.

"Ashe haka na yi datti ban sani ba," ta ce. Sannan ta dube ni. "Ɗan nan, aikin nan ya ba ka wuya?"

"A'a, Gwaggo."

"Kamar awa nawa?"

Na so in yi ƙarya, bakina ya ƙi. "Minti goma sha biyar."

Ta gyaɗa kai a hankali. Ba ta yi barkwanci ba, kuma tun da na san ta ban taɓa ganin magana ta wuce ta haka ba. Ta sa hannun hagu ta jawo ledar da ke ƙarƙashin matashi, ta fito da 'yar rigar nan ruwan ƙwai mai hannu ɗaya, kwarashi yana soke a jiki inda ta tsaya. Ta gwada ɗaukarsa da naɗaɗɗen hannun, ya zame ya faɗi ƙasa. A hasken sabon ƙwan kowa ya ga inda ya faɗa, ba wanda ya sunkuya.

Maigida ya yi gyaran murya. "Gwaggo, kin ga ɗakinki ya zama kamar ofis. Duk abin da kike so ki faɗa, yau za a yi."

"Kashe min ƙwan nan, yana damun idona," ta ce. "Abu ɗaya nake so. A cire katakon nan a maido min da tagata. Tunda ba zan yi saƙa ba, ko mutane in riƙa gani suna wucewa."

Maigida ya dube ni. Na ce masa ana iya yi, amma mita ta kamfani ce, ba a matsar da ita sai an je ofis an cika takarda, sun turo ma'aikatansu. Kuma sai dai a mai da ita bangon gaba.

Ya shafa haɓa. Na san tayil yake tunani. Can sai fuskarsa ta washe, irin washewar da ta yi ranar da ya fara hango tagar.

"To ai da sauƙi," ya ce. "Gwaggo ce ta san kan ofishin nan, duk sun san ta. Bari ta ƙara jin sauƙi, sai ta je ta fara mana zaryar."

Ba wanda ya yi dariya, shi ma bai yi don a yi dariya ba. Da zuciya ɗaya ya faɗa.

Wata shida ke nan da yin haka. Allon yana nan inda yake. Na je ofishin sau biyu da kaina, aka ce sai mai gidan ko wadda ta yi rajista, ni kuwa ban iya saƙa safa ba. Maigida ya ce in bari ya samu sarari. Gidan ya fi kowane gida haske a unguwarmu, masu wucewa suna tsayawa su yaba tayil, kaji suna ta ƙwai. Ba a ƙara kiran Gwaggo Layi ba, ba a kuma kiran ta don wani abu dabam. Tana zaune a dokin ƙofa tsakanin bango da mota, hannun a cinya, makunnin da na sa mata ko sau ɗaya ba ta taɓa shi ba.

Mutanen gidan ba mugaye ba ne, shi ya sa abin ya fi ci min rai. Ba su taɓa zagin ta ba, ba su hana ta abinci ba. Sun dai lissafa duk abin da ke gidan wanda ba zai iya jira ba, ƙanƙara, da fanka, da talabijin, da kaji, sai ya zama ita kaɗai ce mai iya jira. Ni kuma da na san hatsarin fiye da kowa, na yi ta gaishe ta da safe ina karɓar albarka.

Jiya jaririn ya rarrafo har lungun, ya jawo ledarta, ya fito da rigar. Ta yi masa kaɗan tuni. Gwaggo ta bar shi yana tauna hannun guda ɗaya da ta gama, ta ɗago kai ta hango ni a kan bencina.

"Ɗan nan," ta ce, "in ka je ofishin, ka gaishe min da mai gadi. Ka tambaye shi ko hular ta yi wa jikarsa."